Goron da Aka Kai wa Kamfanin Dekoda

A unguwar Bracodi da ke Adjamé, idan mutum biyu suka ɓata, ba a neman ɗan sanda, Alhaji Kailu mai albasa ake nema. Shekara talatin da 'yan kai ke nan da ya baro Tawa ya zauna Abijan, kuma a tsawon nan ya sasanta dillali da direba, mai gida da ɗan haya, har da wasu mata biyu masu suyar aloko, wato ayaba, da suka yi wata bakwai ba sa ga-maciji a kan inuwar bishiya ɗaya. Tsarinsa bai taɓa canzawa ba. Zai ƙunso goro a ganye, ya zaunar da su, ya fasa ɗaya, kowa ya ci ɓari. In wani ya ce shi fa ba zai fara zuwa ba, sai Alhaji ya ce, "Wanda ya fara zuwa ba shi ne mai laifi ba, ƙafarsa ce dai ta fi lafiya." Yaran kasuwa ma sun haddace maganar.

To, wannan gwanin sasanci, shekara huɗu ke nan bai yi magana da Audi ba, ƙanen matarsa mai gyaran keken ɗinki a Arras, can Treichville. Kowa ya sani, ba mai ɗagowa. Laifin Audi kuwa Rumaisa ce, 'yar Alhaji, doguwa kamar mahaifinta. Audi ne ya fara kai ta filin ƙwallon kwando tana 'yar shekara goma sha biyu, kuma da wata jami'a ta Amurka ta neme ta, shi ya bi takardu biro-biro har suka fito. Alhaji ya bar ta ta tafi, don uwarta da malamai sun sa baki, amma fushi sai ya sami wurin sauka, kuma a kan Audi ya sauka. Tun daga nan bai taɓa kallon wasanta ba. Ya ce shi ba zai zauna yana kallon ɗiyarsa tana guje-guje a gaban duniya ba.

Sai ga shi ta kira shi wani Lahadi, da Hausarta da ta haɗe da Faransanci.

"Papa, Asabar mai zuwa shi ne mach ɗina na ƙarshe a lekol. Kowa iyayenshi za su zo fili. Na sani kai ba ka iya zuwa. Ka kalla dai a tele, sau ɗaya."

Alhaji ya daɗe yana gyaran murya kafin ya ce, "Zan kalla."

Maganar Alhaji kuwa ba ta faɗuwa ƙasa. Washegari ya sa aka ƙara masa tashar wasannin jami'o'i a dekodarsa. Wanda ya ce ba ruwansa, sai ga shi kafin Talata ya gaya wa mai shayi, ya gaya wa ladan, ya gaya wa masu sauke buhu, kowa da sigar da ba ta nuna ya damu ba. "Wai yarinyar nan za a nuna ƙarfe biyar na yamma, in kuna da sarari." Ya sa aka wanke kafet, aka yi odar bisap, wato zoɓo, jarka biyu.

Ranar Laraba tashar ta yi baƙi ƙirin, sai wani rubutu da ke wucewa a ƙasa. Matarsa Hajiya Zalihatu, wadda haifaffiyar Adjamé ce kuma ta fi shi Faransanci nesa ba kusa ba, ta karanta masa: kamfanin dekoda na baƙin cikin sanar da cewa masu tashar sun tsawwala farashi, don haka an dakatar da ita har sai an daidaita. Aka gwada ta waya, wayar ma ta ce sai ta hannun kamfanin dekoda. Rumaisa kuma ta aiko da saƙo cewa su a can, masu tashar cewa suke kamfanin ne mai rowa.

Hajiya ta yi zaton zai tashi da faɗa. Sai ta ga yana murmushi.

"Ashe faɗa ne suka yi," in ji shi. "Ni na zaci abin lalacewa ya yi. Wannan ai aikina ne."

"Alhaji, kamfani ne fa, ba masu aloko ba."

"Kamfanin ba mutane ne cikinsa ba?"

Ya ba su kwana biyu ko za su ji kunya su shirya da kansu, don mai sasanci na ƙwarai ba ya shiga faɗa da zafinsa. Ba su ji kunyar ba. Ranar Asabar da hantsi ya sa babbar rigarsa mai ruwan toka, ya zaɓi goro farare manya guda ashirin, ya biya wa Malam Zainulabidin, limamin masallacin unguwa, don sasanci ba shaida ba sasanci ba ne. Malam mutum ne marar yawan magana, amma yana son ganin ƙarshen abu, sai ya ɗauki carbinsa ya bi shi.

Shagon kamfanin yana unguwar 220 Logements, ɗan ƙaramin ɗaki mai sanyi, da layin mutane kowa fuska a murtuke. Da layi ya zo kansa, Alhaji ya ajiye ƙunshin goro a kan kanta, ya buɗe ganyen a hankali, ya gaishe da budurwar da ke zaune har sau uku. Sannan ya ce a kira masa mai gidan, a kuma kira mai tashar, a ba su kujera huɗu.

Yarinyar ta dubi goron, ta dubi Malam, ta dubi Alhaji. Yarinya ce mai tarbiyya, don ba ta yi dariya ba sai da ta sunkuyar da kai.

"Yako, Papa, yi haƙuri. Nan ajans ne kawai, ɗan reshe. Patron yana ƙasar waje, mai tashar kuma yana Amurka. Ni ko muryarsu ban taɓa ji ba."

"To su sun taɓa zama wuri ɗaya?"

"Lauyoyinsu ke rubuta wa juna takarda."

Alhaji ya juya ya dubi Malam, irin kallon da ke cewa ka ji inda cutar take. Ya gyara tsayuwa ya shiga yi wa yarinyar bayani, mutanen layi suna saurare. Ya ce faɗan da ake yi da takarda ba ya mutuwa, don takarda ba ta da ido balle ta ji kunya. Ya ce su biyun kowa na buƙatar ɗan'uwansa, mai tasha ba shi da hanya, mai hanya ba shi da kaya, amma girman kai ya hana su, ga shi bayin Allah da ba su ji ba ba su gani ba su ke shan wahala. Wani dattijo a layi ya ce wallahi gaskiya ne. Alhaji ya ji daɗi, ya ɗaga murya.

"Ki faɗa ma patron ɗinki, in ji Kailu na Bracodi, ya tashi ya tafi. Wanda ya fara zuwa ba shi ne mai laifi ba…"

Malam Zainulabidin ya yi tari. Tari ne ƙarami, amma Alhaji bai ƙarasa maganar ba.

Yarinyar ta tausaya masa. Ta rage murya ta ce ɗaya kamfanin, abokin gasarsu, har yanzu yana nuna tashar, sai dai kafa sabon farantin kama tasha ba zai yiwu yau ba, ko da wa ya sani. In akwai wani nasa mai irin wancan dekoda, gara ya tafi can. Ta nannaɗe masa goronsa ta miƙa masa da hannu biyu.

Suka fito rana. Alhaji ya san mutum ɗaya tak mai irin wancan dekoda, kuma ya san Malam ya san ya sani. Hajiya ta sha faɗa a gabansa, kamar da bango take magana, cewa Audi ya canza faranti tun shekarar da yarinyar ta tafi, don kada wasa ɗaya ya wuce shi.

"Malam, tarin nan naka, ka nemi magani."

"Ya lafa, Alhaji. Goron nan dai kada ya bushe a banza."

Gaskiya Alhaji ya ji tsoro, kuma ya ji kunya, wadda ta fi tsoron nauyi. Shekara talatin yana tura mutane ƙofar da ba sa son zuwa, bai taɓa sanin haka ƙafa ke yin nauyi ba. Amma ya ce wa yarinya zai kalla. Bayan azahar ya aika a gaya wa mutanen da ya gayyata su shanye bisap ɗinsu, ya ce wa Hajiya ta ɗauko mayafinta. Ba ta tambaye shi ina za su ba, kuma ya lura ta riga ta sa takalmi.

Woro-woro, tasin haɗaka, ya ɗauke su su uku har da Malam, suka ratsa Plateau, suka hau gada. Cunkoso ya riƙe su a kan ruwa kusan rabin awa, Alhaji na rungume da goro a cinya yana shirya jawabin da zai yi. Ya shirya mai tsawo, ya rage shi, ya sake ƙarawa. Suka yi la'asar a wani masallaci a bakin Arras, biyar saura kwata suka shiga layin su Audi.

Audi ya fito da tele ƙofar shago, ya ɗora ta a kan teburin keken ɗinki, maƙwabta sun cika benci biyu, Jula da Bawule da Hausawa. Da ya hango babbar riga mai ruwan toka sai ya miƙe tsaye, da sukurdireba a hannu, ya rasa inda zai ajiye ta.

Jawabin Alhaji ya gudu gaba ɗaya. Ya buɗe ganye, ya ɗauki goro ɗaya, ya fasa, ya miƙa ɓari.

"Audi, ƙafata ce ta fi lafiya."

Audi ya karɓa ya jefa a baki. Idonsa ya kawo ruwa, amma bakinsa bai fasa halinsa ba.

"Yaya, da na san kamfani ne zai kawo ka, da tuni na roƙe su su yi faɗan nan."

Aka yi dariya, Malam ya shafa fatiha a gurguje don an fara nuna fili. Aka ba Alhaji kujerar Audi ta aiki, mai matashi. Minti biyar bai gane komai ba, sai 'yan mata dogaye suna kai da komo, Audi na raɗa masa wane kwando ne nasu. Can sai ya gan ta, da ɗankwalinta baƙi da dogon wando, ta karɓi ƙwallo ta juya wa kyamara baya. A bayan rigarta, sama da lamba, an rubuta KAILU da manyan baƙaƙe.

Ya matso da kujera har gwiwarsa ta taɓa teburin.

"Audi, wannan sunana ne?"

"Naka ne, Yaya. Cewa aka yi kowa ya sa sunan gidansu."

"Tun yaushe?"

"Tun wasanta na farko."

Alhaji ya sa hannun riga ya goge fuska, wai zafin Treichville ya fi na Adjamé. Rumaisa ta yi tsalle ta jefa, ƙwallon ya faɗa kwando, bencin biyu suka tashi da ihu. Shi kuwa ya riƙo hannun Audi bai saki ba, idonsa na kan tele.

"In an gama wannan," in ji shi, "ka ba ni labarin na shekara huɗun. Daga na farko za ka fara."