Sunan Saniyar Baffa Daudu

Nafisat ce ta rubuta manhajar da masu yi wa dabbobi allura ke amfani da ita a ƙauyukan Roni da Gwiwa, ita da abokin aikinta Ukasha, a wani ɗan shago da ke Kazaure. Wata Laraba da hantsi sai ga Baffa Daudu, ardon wata ruga a Gwiwa, ya sauka daga babur riƙe da wayar mai allurar yankinsu.

"'Yata, abin nan naku ya ƙi shanuna," in ji shi. "An shigar da na kowa, da aka zo kan nawa sai ya mutu."

"Sannu da hanya, Baffa. Zauna ka sha ruwa. Da shi a gyare za ka koma."

Ukasha ya jona wayar da kwamfuta, ya tsuke fuska. Abin da ke cikin waya ba shi ne ainihin rubutunsu ba. Na'ura ce ke cure shi ta mayar da shi layi guda, ba sarari, ba sunan da mutum zai gane. A tsakiyar wannan cunkuson kuskuren yake nunawa.

"Sai dai mu bi shi harafi-harafi," ya ce.

"Ba za mu bi ba," in ji Nafisat. "Ai akwai taswira."

Duk lokacin da na'urar ta cure rubutu, takan ajiye wani ɗan fayil mai nuna inda kowane guntu ya fito. Nafisat ta buɗe shi, amma edita, wato manhajar da take rubutu a ciki, ta ce ba ta ga fayilolin asali ba. Ta duba adireshin da taswirar ke bayarwa, sai ta yi dariya.

"Ukasha, tsohuwar kwamfutarka take nema, wadda ruwa ya shiga da damina."

Ta rubuta wa editar umarni: duk inda ta ga tsohon adireshin, ta nufi inda fayilolin suke a wannan kwamfutar. Ta sake gwadawa. Nan take rubutunta ya bayyana, layin da ke da matsalar ya yi ja. Wurin karɓar suna ne.

"Baffa, ya sunan saniyar da aka fara shigarwa?"

"Woɗeeye."

Harafin ɗ ne manhajar ba ta sani ba. Sauran makiyayan lamba kawai suke bayarwa, shi kuwa Baffa ya dage sai an kira kowace da sunanta. Nafisat ta ƙara ɗ da ɓ da ƙ, ta sake ɗora manhajar a wayar.

"Faɗo su, Baffa."

Ya gyara zama yana lissafo su, tana rubutawa, yana gyara mata Fulatanci in ta karkace. Da suka kai ta ƙarshe ya karɓi wayar ya sa a aljihu, ya leƙa waje ya ƙwala wa mai babur kira, don yana so ya riski mai allurar kafin ya wuce ruga ta gaba.