Zagaye Na Shida

...na huɗu ke nan, ko? Na huɗu. Abdulbaƙi ba ya ɓata ƙirge, sana'arsa ce. Shekara tara yana tura keken tsofaffi a benen Harami, su suna addu'a, shi yana riƙe musu adadin zagaye. Bakwai ne. Wanda ya tsaya a shida bai yi ɗawafi ba, wanda kuwa ya rasa wannan ɗawafin, hajjinsa na rataye.

Ga ƙeyar a gabansa, jiya aka aske ta a Mina, reza ta ɗan ci gefe. Alhaji Tsoho. Sunan na jikin awarwaron hannunsa, amma ko babu suna — muryar. Ita ta ce a fito da Hafizu daga rumfarsa ranar kasuwa, wai shi ke kai wa ɓarayin daji labari. Wai. Wansa Hafizu, mai gyaran rediyo, da ko kaza sai ya kai maƙwabta a yanka masa... A ranar aka kashe shi. Wannan Alhajin ne shugaban 'yan sa-kai a lokacin. Yau ƙafa ta shanye, nauyinsa bai kai buhun gero ba.

"Ɗariƙ, ya hajj!" A ba da hanya.

Na biyar.

Littafin nan marar bango na laburaren jami'a, shekarar da yake karatun tarihi, kafin a bugo waya daga gida ya ajiye komai. Wani Kirista a ƙasar Italiya, wajen shekara dubu da suka wuce. An kashe masa ɗan'uwa, yana yawo da takobi, sai ga makashin a wani matsattsen lungu, ranar Juma'arsu ta makoki. Mutumin ya durƙusa, ya baje hannuwa, ya roƙi arziki. Shi kuwa ya yar da takobi, ya rungume shi, ya wuce gidan sufaye. Daga baya suka ce waliyyi ne. To, ai roƙonsa aka yi. An dubi idonsa. Wannan fa? Tun daga masauki a Aziziyya "ɗana" yake ce masa, har dabino ya miƙo — kuma ya karɓa, yana aljihu, ya yi laushi. Yaya ake yafe wa mutumin da bai ma san kana duniya ba?

Kuma wa ya ce sufin ya huta? Ya tarar shugaban gidan sayen kujerarsa ya yi. Ya tona shi, ya bar musu gidan, ya shige daji cikin sanyi da mutane ƙalilan, ya ƙare kwanansa yana faɗa da masu cinikin muƙaman addini. Takobin dai ya yar... fushin fa? Riga ya sake, ko da gaske ya mutu a lungun? Littafin bai faɗa ba. Babu wanda zai tambaya. Su shida ne a ɗakinsu na unguwar Ka'akiyya, wa zai zauna jin labarin waliyyin Nasara? Sabitu, abokin ɗakinsa, dariya zai yi: "Ustaz, rana ce ta taɓa ka, sha ruwa." Inna ta rasu tana cewa a bar wa Allah, shi kuma yana nan, ko jana'iza bai samu ba.

A wannan ƙasa mai alfarma ko ƙaya ba a sara. Ba ya buƙatar takobi. Kalma ɗaya ce — bakwai. Mutumin ya koma gida a yi ta barka da sauka, ya shiga kabari da hajji mai rami bai sani ba. Babu jini, babu 'yan sanda, babu shaida. Sai Allah... a nan, a gaban ɗakinSa.

Ga koriyar fitilar da ake kammala zagaye a saitinta. Na shida ya cika. Tsoho ya farka daga gyangyaɗi, ya ɗaga hannu yana kabbara.

"Ɗana, mun cika? Ni dai ƙirgen ya ɓace min. Abin da kac ce, shi na."

Keken baya na dukan dunduniyarsa. "Yalla, yalla!" Ya gyara riƙon keken. Ya buɗe baki. Ko shida ya ce ko bakwai, albarka ɗaya tsohon zai sa masa, da muryar nan... shi kaɗai kuma zai koma ɗaki da kalmar da ya faɗa.