Lamba Arba'in da Bakwai

Shekara huɗu Maigida ya yi yana roƙon Allah ya haɗa shi ido da ido da wani mutum da bai sani ba, ni kuwa ina gefe ina cewa amin da ƙarfi.

Ga yadda abin ya samo asali. Maigida direba ne, shekara talatin da biyar yana jan motar wani kamfanin takalma. Ranar da ya je karɓar takardar ritayarsa sai ya ga an rubuta ashirin da tara. Shida sun yi ɓatan dabo. Bayanin da aka yi masa shi ne, lokacin da kamfanin ya shiga tsarin fansho an aika wa hukumar da ke sa ido kan kuɗin 'yan ritaya jerin sunayen tsofaffin ma'aikata, kowa da ranar da ya kama aiki, kuma sunansa ba ya ciki. Daga baya ne aka shigar da shi a matsayin sabon ɗauka. Kafin ya gama yawon ofis-ofis kamfanin ma ya rufe.

Ragin kuɗin yana cizo duk ƙarshen wata, amma ba shi ne ya fi ci masa rai ba. Wani akawu ne ya dube shi ya ce, "Baba, ƙila mantawa ka yi." Mutumin da har yau yana riƙe da lambar motar farko da ya tuƙa, shi za a ce wa ya manta shekara shida na rayuwarsa! Tun daga ranar ya laƙaba wa wanda ya tsallake sunansa suna Mai Gyangyaɗi. In famfo ya ɗauke, Mai Gyangyaɗi ne. In sukari ya ƙare ana tsakiyar haɗa shayi, shi ne dai.

Ni ma a kamfanin na yi aiki, shekara ashirin da shida ina buga tafireta, a can ma muka haɗu. Kuma ba yabon kai ba, takarda ba ta barin teburina sai na bi ta layi-layi sau biyu. Saboda haka in Maigida ya fara, ni nake ƙara masa gishiri. Na tabbatar masa aikin ofishin albashi ne, don akwai wata a can da ke buga takarda tana cin cingam tana hira. Allah ya yafe mini, na ɗauki alhakin baiwar Allahn nan ba sau ɗaya ba.

Autarmu ce ta kawo maganar dokar. Ma'aikaciyar jinya ce, ta zo gida ranar hutunta ta tarar da ubanta yana kan karatun nasa.

"Baba, ka daina wahalar da bakinka," in ji ta. "Akwai dokar neman bayani. Ka rubuta wa hukumar ka ce su ba ka kwafin jerin sunayen. Dole su amsa cikin kwanakin da doka ta yanka musu."

"Hukuma ta buɗe mini durowarta? Ke dai yarinya ce."

Duk da haka ya zauna ya rubuta. Shafi huɗu. Ya faro daga ranar da ya koyi tuƙi, ya bi ta kan haɗarin da ya kauce wa da motar cike da kaya, ya ƙare da cewa a aiko masa da duk wata takarda da ta shafi fansho tun ranar da aka kafa hukumar. Na ce masa ba haka ake yi ba, ya ce ni da ba lauya ba in yi shiru. Amsa ta zo da ladabinta: buƙatarsa ta yi faɗi da yawa, ya taƙaita. Ya ninke wasiƙar ya miƙo mini ba tare da ya kalle ni ba.

Na jawo tsohuwar tafiretata daga ƙarƙashin gado, na kakkaɓe ta, na ɗiga mata mai. Ofis ba ya jin kuka, lamba da kwanan wata yake ji. Layi uku na buga: wace takarda muke so, daga wane kamfani, ta wace shekara. Maigida ya sa hannu yana ƙunƙuni wai ko gaisuwar kirki babu.

Kwana goma sha tara, sai ga ambulan mai ruwan ƙasa. Maigida ya tafi aski, ni kaɗai ce a gida. Na zauna a teburin cin abinci na buɗe. Shafi uku ne da wasiƙa a sama. An bi sunayen mutane da baƙin layi an rufe, don sirrin kowa nasa ne, amma lambobin gefe suna nan. Yatsana ya bi su da kansa, don mai tafireta lamba take fara dubawa. Arba'in da biyar, arba'in da shida, arba'in da takwas. Na buga tebur don murna. Ga gurbin Maigida nan ƙiri-ƙiri!

Sai idona ya sauka can ƙasan shafin ƙarshe, ɓangaren hagu. A aikinmu, duk takardar da aka buga ana sa haruffan sunan manajan da ya ba da aikin, a ja ɗan layi a karkace, a sa na wadda ta buga da ƙananan baƙaƙe. Ba wanda ke kula da su sai mu. Mai baƙin layin ma bai ga amfanin rufe su ba. Haruffa biyu ne, kuma nawa ne.

Na kai takardar bakin taga na duba cikin haske, ko za su canza. Ba su canza ba. Har wutsiyar lamba tara da injina na ofis ke gutsirewa tana nan. Kunya ta rufe ni tun daga kai har ƙafa. Na yi ta ƙoƙarin tuna ranar da na buga wannan jerin, ko alama. Na zare shafi na uku na tura ƙarƙashin ledar tebur.

Da ya dawo na nuna masa gurbin. Ya yi rawa a tsakar ɗaki da sabon askinsa, yana cewa, "Na kama wuyanka, Mai Gyangyaɗi!" Wasiƙar kuma ta ce jami'ar da ta tattaro takardun ita ma ta lura da tsallaken, mu zo ofis ranar Alhamis.

Kwana uku na yi ina lallaɓa shi kamar ƙwai. Na goge masa takalmi, na bar masa rediyo a tashar da yake so, ban ce uffan ba da ya bar tawul a kan kujera. A rana ta biyu ya ajiye kofinsa ya ƙura mini ido.

"Sakatariya," haka yake kirana, "me kika fasa?"

"Ban fasa komai ba."

"To wa ya mutu?"

Na ce ya sha shayinsa kafin ya huce. A raina kuwa ina ta saƙa da warwara. Ba faɗansa nake tsoro ba, faɗan Maigida ruwan sama ne, ya zuba ya wuce. Abin da nake tsoro shi ne ya daina kallona a matsayin matar nan da ba ta kuskure, wadda yake bugun ƙirji da ita a gaban abokansa. Na ce ƙila a gyara abin ba tare da kowa ya kalli ƙasan shafin ba.

Ofishin yana hawa na huɗu. Kujerun ƙarfe a haɗe, tulun ruwan sanyi babu kofi, da talabijin da aka kashe wa murya. Jami'ar mace ce mai fara'a, tabarau rataye a wuyanta. Ta buɗe fayil ta ce da kamfanin ya rufe an kwaso takardunsa na fansho zuwa wurinsu, kuma a bayan kwafin jerin ta tarar da asalin rubutun hannu an maƙale da ƙusa. Na san wannan ma, ɗabi'ata ce.

"Baba, ga sunanka a lamba arba'in da bakwai, da ranar da ka kama aiki."

Maigida ya dafe ƙirji. "Kin ji ko? Su ce na manta!"

"Sai dai rubutun hannun ba sa hannun kowa," in ji ta. "Kafin a gyara, muna buƙatar shaidar wani da ya yi aikin takardar, ya tabbatar kuskure ne ba cire ka aka yi da gangan ba. Manajan na ji ya rasu. Saura wanda ya buga." Ta juyo nata kwafin shafi na uku ta ɗora biro a kan haruffan. "In ba a same shi ba, gaskiya fayil ɗin zai daɗe a ajiye."

"A nemo shi!" Maigida ya ce. "Ko a ƙarƙashin ƙasa yake a tono mini shi. Kalma biyu kawai zan gaya masa."

Na kalli hannunsa a kan teburin, hannun da sitiyari ya yi wa kanta. Na ga ba wata hanya.

"Ba sai an tono kowa ba," na ce. "Ni ce."

Jami'ar ta sa tabarau ta dube ni, ta cire. Maigida ya jawo takardar a hankali, ya laluba nasa tabarau, ya duba haruffan. Sannan ya koma shafin farko ya tsaya a kan kwanan watan. Ya daɗe. Sai na ga kafaɗunsa suna rawa. Na ɗauka kuka ne, ashe dariya ce yake dannewa, har ta ƙwace masa.

"Sakatariya, ba ki gane ranar nan ba?"

"Wace rana?"

"Ranar da na kawo miki takardar neman sababbin tayoyi ki buga mini. Da wata 'yar takarda a ninke a ƙarƙashinta."

Sai komai ya dawo mini. Rula nake ɗorawa a kan rubutun hannu, ina saukar da ita layi-layi don kada in ɓata. Ina tsakiyar jerin ya shigo yana murza hularsa, ya ajiye takardunsa a kan rular tawa. Na karanta ta ƙasan, ashe wasiƙar soyayya ce, na ce masa, "Fita, aiki nake yi." Da ya fita na sake karantawa sau uku. Na mayar da rula inda nake zaton take, na ci gaba da bugu. A shekara ashirin da shida, ranar ce kaɗai na miƙa aiki ban bi shi ba, don ina sauri in ga ko yana nan a bakin ƙofa. Yana nan kuwa, yana goge gilashin motar da ba ta da datti.

Jami'ar ta rufe baki da fayil tana dariya. Da ta natsu ta miƙo fom ta ce akwai gurbin da za a rubuta dalilin kuskure.

"Rubuta direba ne ya jawo," in ji Maigida.

"A'a," na ce. "Mai bugu ba ta duba aikinta ba. Haka za a rubuta."

Na roƙi ta ara mini kujerarta da kwamfutarta, na buga shaidar da hannuna. Na bi ta layi-layi sau biyu, na ƙara na uku, sannan na sa hannu. Ta buga hatimi, ta ce shekarunsa shida za su koma mazauninsu.

A kan matakala ya riƙe mini jaka, abin da bai saba ba. Muka sauko hawa biyu. Na gaji da jira.

"Ka ce kalma biyu za ka gaya masa. Ga ni, faɗi."

Ya tsaya ya numfasa, idonsa ya ɗan yi ja.

"Shekara huɗu ina roƙon Allah ya haɗa ni da Mai Gyangyaɗi," ya ce. "Ashe tun shekara talatin da uku da suka wuce ya amsa."