Sabulun Gyara

Ni Ɗan'azumi, duk wanda ya taɓa cin nama mai kyau a Keffi ya san hannuna, ko bai san fuskata ba. Sa ya taɓa ɗaga ni da ƙaho a mayanka ya yar, na tashi na karkaɗe riga na yanka shi. Gobara ta cinye rumfata a kasuwa, na fito da wuƙata a hannu ko gashin gira bai ƙone ba. Ban taɓa shiga aji ba, amma masu digiri layi suke bi a gabana. Saboda haka da aka buɗe babban kantin nan na Sabon Gari, mai gilashi da sanyi kamar asibiti, ba ni na je neman aiki ba. Su suka zo har gida a unguwar Yara suka ce in riƙe musu wajen nama.

Na riƙe shi shekara da shekaru, ba wanda ya taɓa dawo da nama. Sai aka kawo mana sabon manaja daga Abuja, Oga Jethro, ɗan siriri mai tabarau, yana da ladabi, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya tara mu wata safiya kafin a buɗe ƙofa.

Ya ce, "Daga yau babu mai nama, babu mai burodi, babu mai gadi. Kowa zai iya aikin kowa."

Na ɗaga hannu. "Oga, idan babu mai nama, ni wane ne?"

"Kai ma'aikaci ne, Baba."

"Na san ni ma'aikaci ne. Na me?"

"Na komai."

Yara suka yi dariya, ni ban ga abin dariya ba. Ya ce za a riƙa juya mu, wannan sati kana nan, wani sati kana can. Wanda ya zagaya ko'ina lafiya, idan juyi ya zo zai koma wurinsa na da. Wanda ya kasa, sai gida. Abin da na riƙe ke nan: in zagaya lafiya, in koma kan teburina.

A ranar aka karɓi wuƙata aka ba Zipora mai gasa burodi. Ta riƙe ta da yatsa biyu kamar an miƙa mata wutsiyar ɓera. Ruben mai gadi aka tura shi gasa burodi. Gamaliel, wanda ke zama kan na'urar biyan kuɗi, aka tsayar da shi bakin ƙofa. Ni kuma aka ɗaura mini shuɗin ƙyalle aka kai ni layin sabulu da man shafawa.

Ranar nan kanti ya zama wani abu. Burodi ya fito baƙi ta sama, ɗanye ta ciki. Kwastoma ta tambaye ni man gashi, na kai ta wajen man goge takalmi, don kwalaben iri ɗaya ne. Ina jin Zipora daga nesa tana saran ƙashi, kowane sara sai na ji shi a haƙorina. Na leƙa na ce, "'Yata, ba haka ake bin gaɓa ba." Ta ce, "Baba, don Allah zo ka karɓi abinka." Kafin in miƙa hannu sai ga Oga Jethro, ya mayar da ni wajen sabulu.

Na ce masa, "Oga, a nan me zan yi? Babu yanka, babu awo. Mutum da kansa yake ɗauka ya wuce. Tsayuwa aka ɗauke ni yi?"

Ya dafa kafaɗata. "Baba, na ji labarinka. Mutane suna son ka. Abin da kake musu a wajen nama har suke dawowa, shi nake so ka kawo nan. Ka yi musu daidai yadda ka saba."

To, wannan magana na gane ta sarai. Me nake musu a wajen nama? Gyara. Idan sikeli ya gama maganarsa, an manna takardar farashi, sai in jefa ɗan hanta ko tumbi ko guntun kitse a leda. Haka na tarar ubana yana yi, kuma tsohon manaja ya sani, shi ma matarsa tana samu. Ciniki ba gyara ai kamar faɗa ne.

Wata mata ta ɗauki katon ɗin garin wanki, na ɗauko ƙaramin sabulu na jefa mata a keken tura kaya, na ce, "Ga gyara, uwar gida." Ta yi godiya. Can sai na ji hayaniya a wajen biya. Yarinyar da aka zaunar kan na'ura, wadda jiya shara take yi, ta haɗa sabulun cikin ciniki. Na ce a raina, ga illar juye-juyen nan, an ɗora wadda ba ta san gyara ba. Kuma laifina ne da na sa shi da wuri. Gyara ai bayan awo yake zuwa.

Daga nan na gyara aikina. Na cika aljihun ƙyallena da ƙananan sabulai. Duk wanda ya yi sayayya mai kauri a layina, sai in bi shi, in jira ya biya a ɗaure masa leda, sannan in zura masa ɗaya. Wasu su yi godiya, wasu ma ba su lura ba. Layin sabulu ya fara cika da mata. Na ce, Ɗan'azumi, ko wajen sayar da tsintsiya aka kai ka sai ka tara jama'a.

Ranar Alhamis Hajiya Rahamatu ta zo. Dattijuwa ce mai mutunci a unguwarmu, mijinta limami ne kafin ya rasu, kuma tun ina rumfar kasuwa a wajena take sayen nama. Ta gan ni tsakanin kwalabe ta riƙe baki.

"Ɗan'azumi, me kake yi a nan? Turare ka koma sayarwa da tsufanka?"

"Hajiya, an ce yanzu ni na komai ne."

"To Allah ya kyauta. Naman da yarinyar can ta yanka mini, ban san ko na miya ba ne ko na kare."

Ta yi sayayyar bikin jikarta, kaya niƙi-niƙi. Irin wannan ciniki sabulu ɗaya raini ne. Bayan ta biya, tana gaisawa da wata, na zura mata sabulu biyu da kwalbar man shafawa a leda, na koma layina ina jin daɗi.

Da Ruben ne a ƙofa, da hannu kawai zai ɗaga mata, don ya san mutanen gari. Amma Ruben yana can yana ƙona burodi. Gamaliel ne a ƙofa, shi kuwa rasit ya sani. Ya zazzage ledar Hajiya a kan tebur, yana duba takarda yana duba kaya.

"Mama, waɗannan ukun ba sa cikin rasit."

"Ban ɗauke su ba."

"To ƙafa suka yi suka shiga?"

Kafin in iso mutane sun taru. Wani ɗan makaranta har ya ɗaga waya. Hajiya tana tsaye, mayafinta ya zame, ba ta iya cewa komai sai salati. Na ture mutane na ce, "Kai Gamaliel, mayar mata da kayanta! Ni na sa. Gyara ne."

Oga Jethro ya fito. "Baba, kai ka sa? Wa ya biya?"

"Oga, wa yake biyan gyara? In an biya ai ya zama ciniki."

"Wa ya ba ka izini?"

"Kai."

Ya cire tabarau. "Ni?"

"Kai ka ce abin da nake musu a wajen nama in kawo nan."

"Fara'a nake nufi, Baba! Gaisuwa! Murmushi!"

"Murmushi? Oga, wa ya taɓa dawowa wajen mahauci don haƙoransa?"

Wasu suka kwashe da dariya, amma Hajiya ba ta yi ba. Oga Jethro ya rusuna ya ba ta haƙuri, ya ce ta tafi da kayan duka. Ta ture sabulan gefe da bayan hannu. Ta dube ni ta ce, "Ɗan'azumi, da girmana ka sa aka zazzage ni a gaban yara." Ta tari keke napep ta tafi. Wannan kallon, ƙahon san da ya ɗaga ni bai yi mini zafinsa ba.

A ofis Oga Jethro ya tambaye ni tun yaushe nake yi. Na ce tun ranar da ya ce in yi. Ya tambaya mutum nawa. Na ce ban ƙirga alheri. Ya dafe kai ya daɗe. Ni ma na dafe nawa, don har lokacin ban gane wanda ya yi kuskuren ba. Hanta kayan kanti ce, sabulu kayan kanti ne. Me ya sa ɗaya ya zama kirki, ɗaya ya zama abin kiran mutum ofis? Na tambaye shi. Ya ce, "Wancan ma bai kamata ba."

Ya ce ba zai kore ni ba, saboda furfurata da kuma maganarsa da ta shiga ciki. Amma ya cire ni daga juyi. Daga gobe aikina a waje ne, in tattara kekunan tura kaya in taya mutane sa kaya a mota.

Na ce, "To idan na gama wannan, sai in koma nama?"

"Babu gamawa, Baba. Nan za ka zauna."

Yanzu a kantin nan kaf, kowa na komai ne, ni kaɗai ke da aiki ɗaya. Zipora ta ce hukunci ne, Ruben ya ce hutu ne aka ba ni don girmamawa. Ni dai na fi karkata ga maganar Ruben, ko da yake rana tana dukana. Kekunan kuwa, je ka Lafiya ka je Abuja, ba za ka ga inda aka jera su kamar nawa ba.

Gobe Juma'a in an sauko zan je gidan Hajiya. Ina ta tunanin abin da zan riƙa mata, don ba a zuwa ban haƙuri hannu sake, kuma ina tsoron in miƙa mata leda.