Minti Goma Sha Huɗu da Yaya Abdulghani Ya Yanke

Mijina Othman ya shekara talatin da 'yan kai yana kwaikwayon wani Bature da ko sunansa na gaskiya bai sani ba. Mai Farar Hula muke ce wa Baturen a Hindawiyya, unguwarmu a nan Jidda. Shugaban 'yan daba ne a wani tsohon fim na Amurka, irin marasa kalar nan da ake harbi ta tagar mota ana safarar giya a ɓoye. Othman ya kalli fim ɗin ya fi sau ɗari. A nan ya samo magana ta gefen baki, a nan ya samo tsayuwar ƙofar gida, hannu a aljihun jallabiya, yana kallon layi sai ka rantse shi ya gina shi. Baturen sigari yake taunawa, nawa aswaki. Baturen yana da mutum arba'in masu bindiga a bayansa, nawa gadin sito yake yi a unguwar masana'antu, kuma abin da yake gadi tayil ne na banɗaki.

Na daure da wannan duka, don shirme ne da ba ya cutar da kowa. Sai da ya faɗa kan ɗana.

Mohannad shi kaɗai Allah ya ba mu. Shekara uku da suka wuce, a walimar wani aure, Othman yana ba maza labarin yadda ya ci kwalar wani manaja har mutumin ya roƙe shi gafara, sai Mohannad ya yi dariya. Dariya kawai, don ya san ranar manajan ne ya kora uban nasa waje kamar kaza ta shiga falo. Othman ya miƙe ya wanke shi da mari a gaban jama'a, saurayi mai gemu ɗan shekara ashirin da bakwai. Ranar Mohannad ya kwashe kayansa ya koma ɗakin ma'aikata. Sau biyu yana zuwa gaida uban, sau biyu ana barinsa tsaye a waje. Sharaɗin Othman ɗaya ne, a tara mazan da aka yi dariyar a gabansu, yaron ya zo ya sumbaci kansa yadda ake ban haƙuri a garin nan. Shi kuwa Mohannad ya ce wanda aka mara ba shi zai yi sumba ba.

Ana cikin haka masana'antar da Mohannad yake aiki ta rufe. Bai sami wani kafili, wato ubangidan da zai tsaya masa, da zai ɗauke shi ba, iƙamarsa ta zama a ƙasar ta mutu, aka buga masa hatimin fita ba dawowa. Kano za shi, garin da bai taɓa gani ba, da Hausar da ba ta wuce ta gaisuwa da cefane ba. Ni da ubansa da shi duk a Jidda aka yanke mana cibiya, amma takarda ba ruwanta da wannan. Saura kwana tara jirginsa ya tashi, ni kuwa abu ɗaya nake nema a duniya: uban ya sa masa albarka kafin ya tafi. Na faɗa wa Othman ina kuka. Ya juya aswaki daga wannan gefen baki zuwa wancan.

"Namiji ba ya bin kowa, Ummu Mohannad," in ji shi. "Kin taɓa ganin Mai Farar Hula ya bi wani?"

Na kalle shi da tumbinsa da silifas ɗinsa na roba, na ji wani irin raini ya taso mini. Na yafa abaya na nufi shagon yayana Abdulghani, don in ban sami wanda zan zazzage wa ba fashewa zan yi.

Yaya Abdulghani yanzu bidiyon biki yake haɗawa a kwamfuta, amma a da shi ne mai hayar kaset na unguwarmu. Lokacin babu gidan silima a ƙasar nan, fim sai dai a kaset, kuma babu magidancin da zai kai kaset gidansa sai ya bi ta hannun Abdulghani. Injin bidiyo biyu ya haɗa da waya, ɗaya yana nunawa ɗaya yana naɗa, shi kuma yana zaune da yatsa a kan maɓalli. Mace ta ɓullo kafaɗa a waje, ya danne. Ta wuce, ya saki. Hindawiyya gaba ɗaya ta bayan yatsan nan ta kalli duniya. Sai ka ga mutum ya miƙa wa mace hannu, kafin ka ƙifta ido yana cikin mota yana gudu, mu kuwa mu ce Turawa akwai hanzari.

Da na gaya masa abin da Othman ya ce, sai ya cire tabarau ya yi ta goge shi da bakin riga. Daga baya ya ce akwai abin da bai taɓa faɗa wa kowa ba. Fim ɗin da muka sani yana ƙarewa ne Mai Farar Hula yana tsaye a saman matakalar otal, ya gama da abokan gabansa, ya gyara hula yana dariya. To ashe ba nan ne ƙarshensa ba. Akwai sauran minti goma sha huɗu. A cikinsu an harbe shi, mutanensa sun watse, ya ja jiki zuwa gidan ƙanensa da ya taɓa kora, ya durƙusa a ƙofa yana roƙon a buɗe masa. Matsalar ita ce matar ƙanen ce ta tare ƙofar, rigarta ba hannu, kuma tana nan a hoton daga farko har ƙarshe. Abdulghani ya danne maɓalli, bai sami inda zai saki ba, har fim ya ƙare. Babu wanda ya taɓa tambayarsa.

Ban rage masa komai ba. Na ce saboda kafaɗar wata Baturiya da ta daɗe da zama ƙasa ya bar mini mahaukaci a gida shekara talatin. Ya yi ta ma'alesh, ma'alesh, kamar wanda ya taka mini ƙafa a kasuwa. Sannan ya ce wasu matasa a unguwar Bagdadiyya suna da zaure da suke nuna tsofaffin finafinai, watan nan na 'yan daba suke yi, kuma namu yana cikin jerin, ranar Alhamis bayan la'asar. Cikakke, ba yanka.

Jan Othman can bai ba ni wahala ba. Ce masa kawai na yi za a nuna gwaninsa a babban allo. Ya sa aka goge masa jallabiya har sau biyu, ya fesa turaren da yake ɓoyo don Idi.

Zauren cike yake da 'ya'yan hutu, kowa da kofin gahawa na takarda da tabarau mai kaurin baki, suna gyaɗa kai tun ba a fara komai ba. Muka zauna a layi na uku, ni a tsakiya, Othman a dama, Abdulghani a hagu yana ta zufa duk da sanyin na'ura. Othman yana riga Baturen motsi. Kafin ya ɗaga gira ya ɗaga, kafin ya tofar da yawu ya gyara baki. Da aka zo matakalar otal ya dafa gwiwa zai miƙe, don a saninsa an gama.

Hoto ya ci gaba. Ido ɗaya ina kallon allo, ɗaya ina kallon mijina. Na ga lokacin da harsashi ya sami gwanin nasa, hular ta faɗa cikin kwata, babu wanda ya tsaya ɗauka. Na ga lokacin da ya durƙusa a ƙofar ƙanensa yana kiran sunansa da wata 'yar murya, majina tana zuba, ƙanen yana ciki bai fito ba. Aswakin ya suɓuce daga bakin Othman ya faɗi a cinyarsa, bai ko lura ba. Idonsa ya kawo ruwa. Wallahi na gani da idona. Na fara lissafin abin da zan dafa in yaron ya zo gida, har na ji tausayin mutumin nan ya kama ni karon farko cikin shekaru.

Aka kunna fitila. Wata yarinya mai suna Layan ta hau gaba da takardu, wai ita ce mai bayani. Cikin Larabcin 'yan jami'a ta shiga faɗa mana abin da muka gama gani da idonmu. Can ta ce a zamanin da aka yi fim ɗin masu tace finafinai ba sa yarda ɗan daba ya ƙare da nasara, don kada matasa su yi sha'awarsa. Ta ce akwai masu ganin cewa ƙarshen nan dole aka yi wa masu fim ɗin suka ƙara shi, ba da son ransu ba. Ta ƙara da cewa masana ba su haɗu a kan hakan ba, amma wannan Othman bai ji shi ba. Tuni ya ɗauki aswakinsa ya mayar baki.

"Kin ji ko?" ya ce da ni, da ƙarfin da har na gabanmu suka waiwayo. "Dole aka yi masa. Ni na san mutumin nan ba zai durƙusa ba. Halas."

A waje ya rungume Abdulghani, ya ce shi kaɗai ne ya san gaskiyar fim ɗin a duk faɗin Jidda, ya fi Turawan da suka yi shi sanin inda ake tsayawa. Shi kuma yayan nawa, wanda kwana biyar da suka wuce yake sunkuyar da kai a gabana, sai ga shi ya buɗe ƙirji yana cewa ai tun a lokacin ya ji a jikinsa ƙarshen nan ba na asali ba ne. Dattawa biyu masu furfura suna tafa hannu a bakin titi kan Baturen da bai san an halicce su ba. Na tsaya gefe ina kallonsu, ko tsaki na rasa ƙarfin yi.

Saura kwana huɗu. Na daina roƙo, na koma wata dabarar da har yau ban san ko Allah zai yafe mini ita ba. Na riƙa kunna naɗar murya a wayata ina ajiye ta kusa da Othman. Ranar farko na sami sunan Mohannad, cikin zagi ya faɗe shi, amma dai ya faɗa. Washegari maƙwabcinmu ya goge masa mota da tasa ya zo ban haƙuri, Othman ya ce na yafe, da isa kamar mai sakin fursuna. Ranar ta uku wani abokinsa ya zo sallama zai tafi Madina, ya ce masa Allah ya kiyaye hanya, Allah ya yi albarka. Na kai wa Abdulghani na ajiye masa wayar a kan tebur. Na ce tunda yanka ya iya, yau ya yanka mini abin da zai amfani wani. Bai yi musu ba. Ya cire zagin, ya sassauta sunan, ya jera sauran a bayansa. Daƙiƙa goma sha ɗaya suka fito.

Ranar tafiya da hantsi na fito, Othman yana tsaye a ƙofar gida hannu a aljihu. Ya ga motar haya, ya san inda za ni. Tambayata ya yi ko na bar masa abincin rana.

Na sami Mohannad a filin jirgi da akwati biyu, ya rame, ya aske gemun. Ya duba bayana kafin ya dube ni. Na ce uban nasa ƙafa ce ta matsa masa, amma ya ba ni saƙo. Na miƙa masa wayar. Ya kara a kunne ya saurara, ya sake kunnawa ya saurara, sannan ya miƙo mini ita a hankali.

"Ummi," ya ce, "wannan shugul ɗin khali Abdulghani ne."

Aikin kawunsa yake nufi. Na ce wane irin zance ne wannan.

"Akwai hon na mota a bayan na yafe. Ya fara bai ƙare ba. Kuma abuya bai taɓa kiran sunana haka ba, wallahi ko ina ƙarami."

Kunya ta rufe ni, irin wadda ban taɓa ji a gaban ɗan da na haifa ba. Na rasa ƙaryar da zan ɗora a kan ta farko. Bai yi mini faɗa ba. Ya riƙe hannuna ya ce in riƙa shan maganin hawan jinina a kan lokaci, in ya sauka zai kira. Ya ja akwatunansa ya tafi. Ya yi taku kamar goma sai ya tsaya, ya dawo, bai yarda mun haɗa ido ba.

"Ki turo mini shi dai," ya ce.

Na tura masa. Ina tsaye a bayan gilashi ina hango shi a layin masu duba fasfo, waya manne a kunne. Layin ya matsa gaba shi bai matsa ba, sai da na bayansa ya taɓa masa kafaɗa.