Takobin Baba a Maƙera

Tun da aka binne mijinta, Inna ba ta sake cin abincin Lahadi da daɗin rai ba. 'Ya'yanta maza biyu sukan biyo ta gidanta in an tashi daga coci, su zauna a falo ƙarƙashin tsohon takobin ubansu na soja da ke rataye a bango. Kowannensu yana son takobin, amma ba wanda ya taɓa furtawa. Sai su ɗauko gardamar annabci su yi ta fafatawa.

Babban maƙeri ne, ƙaramin kuma ticha. A wannan Lahadin an karanta annabcin nan da ya ce wata rana mutane za su ƙera takubansu su zama kayan noma.

"Ƙarfe aka ce, ƙarfe ake nufi," in ji Maƙeri. "Ranar nan mu masu guduma za a nema. Ku 'yan alli sai kallo."

"Yaya, misali ne fa. Zuciya ake nufi, ta daina gaba. Kai komai sai ka sa shi a wuta?"

"To me ya hana a rubuta zuciya? Tawada ce ta ƙare?"

Inna ta lura duk surutun nan ba wanda ya dubi ɗan'uwansa, idanunsu na kan bango. Ta san ranar da ta rufe ido, takobin nan zai raba mata 'ya'ya. Ta taka kujera ta sauko da shi, ta kakkaɓe ƙurar da bakin zanenta.

"Gobe ku same ni a maƙera."

Washegari ta ɗora takobin kusa da gawayi, ta dubi babban. "Ka ce ƙarfe ne. Ga shi, mayar min da shi fartanya."

Maƙeri ya hau sosa ƙeya. "Inna, ai wannan sai ƙarshen zamani."

"Ni nawa zamanin ya kusa ƙarewa."

Ticha ya yi saurin cewa, "Tunda misali ne, Inna, ai ba sai an taɓa shi ba."

"Kai kuma ka ce zuciya ce. Nuna min taka."

Sai Ticha ya naɗe hannun farar rigarsa, ya durƙusa ya kama zuga-zugi. Bai iya ba, toka ta turnuƙe masa fuska.

"Kauce, za ka kashe min wuta," in ji Maƙeri, amma sai ya dafa hannun ƙanen nasa yana nuna masa. Da ƙarfen ya yi ja, Maƙeri ya ɗaga guduma, ta daɗe a sama kafin ya sauke ta.

Fartanya ɗaya tak ta fito, 'yar siririya, bakinta a karkace. Inna ta ce a wurinta za ta zauna, mai so ya zo aro. Da ita take nome lambun ƙofar gida, duk wanda ya wuce sai ta tsayar da shi ta ɗaga masa.

"Aikin 'ya'yana ne, su biyun."

Lahadi ta zagayo, gardama na nan daram.

"Ka dai gani da idonka, ƙarfe ne."

"Wa ya hura maka wutar, Yaya?"

Inna ta ƙara musu miya. Wannan karon fuskar juna suke kallo.