Hannun Gobe a Sama

Tela ne, kuma tun kafin ya fara tsaron raga a ƙungiyar magidantan layinsu ake ce masa Gobe, don ita ce amsar da duk mai zuwa karɓar ɗinki yake samu. A fili ma sunan bai sake shi ba. Ƙwallo takan shige, a yi ihu, wani ya je ɗauko ta, sannan shi ya yi tsalle ya faɗi ɓangaren da ta bi.

Ba ƙarfi ya rasa ba, tunani ne ya yi masa yawa. Mutumin da sai ya auna yadi sau uku kafin ya sa almakashi, shi aka tsayar gaban abin da ke zuwa kamar harsashi.

Kocinsu yayan matarsa ne, direban bas, mutum mai saurin fushi da saurin hucewa. Ran nan bayan an zura musu huɗu ya ja shi gefe.

"Gobe, ni in akuya ta faɗo gaban mota ba na kiran taro. Birki nake takawa."

"Ai Yaya, sai an duba. In ka faɗi dama ta bi hagu fa?"

"To ka faɗi wani wajen mana! Ko don mutane su ga ka motsa."

Da ya ga magana ba ta shiga, sai direban ya bi ta wajen ƙanwarsa. Ya ce ta riƙa jifan mijin da duk abin da ya zo hannunta, ba sanarwa, har jikinsa ya koyi amsawa kafin kansa ya sa baki. Ta karɓi aikin da murnar da ta ba Gobe tsoro. Yana kan keken ɗinki sai soso ya sauka a ƙeyarsa. Yana wanke fuska sai dunƙulen safa. A mako guda abu ɗaya ya cafke, matashin kai, shi ma don ya kwanta masa a fuska ne. An dakatar da horon ranar da albasa ta fito daga kicin ta wuce kunnen Gobe ta sami wani dattijo da ake gwada wa wuyan riga.

Ranar Asabar da yamma suka kara da 'yan kasuwa. Ana ɗaya da ɗaya, saura minti biyu, mai tsaron bayan su Gobe ya tare ƙwallo da gwiwar hannu, alƙalin wasa ya nuna fanareti. Mahauci ne ya fito zai buga, ƙato, wanda aka ce ya taɓa fasa ƙwallo sabuwa.

Gobe ya tsaya tsakiyar raga cikin safar hannun da ya ɗinka wa kansa da ragowar labule. Mahauci ya ja da baya.

"Dama!" in ji direba daga bakin fili. "Faɗi dama!"

"Hagu, Baban yara!" in ji matarsa daga bayan raga. "Wallahi hagu yake kallo!"

Nan kan Gobe ya ɗau zafi. Damar wa? Tasa ko ta mahauci? In Yaya yana nufin damar mahauci, ai ita ce hagunsa, ke nan wa da ƙanwa magana ɗaya suke yi. In kuma ba haka ba, dole ya saɓa wa ɗaya, kuma duka biyun zai sake haɗuwa da su. Ya ga abin ba na gaggawa ba ne. Ya ɗaga hannu sama, ya juya kai wajen direba.

"Yaya, damar wa..."

Bai ƙarasa ba. Wani abu ya daki tafin hannunsa har ya zauna daɓas a ƙasa. Ƙwallo ta tashi ta haye saman ƙarfe.

Fili ya kece. Aka ɗaga shi sama yana riƙe da yatsa yana salati. Direba kuwa ya bi 'yan kallo ɗaya bayan ɗaya yana cewa, "Kun ga horo? Ko kallon ƙwallon bai yi ba!"

A gida, matarsa tana danna masa ƙanƙara a yatsan da ya kumbura, ya faɗa mata gaskiya. Ta yi dariya har ta zauna a kan kwandon wanki.

"Don Allah kada Yaya ya ji," ya ce.

"Ni? Ai ni ma na riga na gaya wa maƙwabta albasata ce ta yi aiki."

Da safe sai ga mahauci a shagon, riƙe da gajeren wandon da ya yage wajen bugun. Ya zauna a benci, ya daɗe yana kallon yatsan.

"Tela, tsakaninka da Allah, ya aka yi ka san tsakiya zan buga?"

Gobe ya gyara zama. "To, ka san aikin raga sai da natsuwa."

"Don ni kaina ban sani ba. Dama na yi niyya, na ji surukinka ya tona ni. Na koma hagu, matarka ta tona ni. Ina cikin shawara na ga ƙafata ta riga ta tafi."

Gobe ya dube shi, ya ji ya sami ɗan'uwa. Ya tura masa kujera mai laushi, ya karɓi wandon da hannun hagu, ya soma ba shi labari tun daga soso.